Motar Da Ke Buɗe Bakin Baba

Talata Mafara,
Lahadi, 19 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga ɗan Gwaggona, Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Amira da yara. Ya aiki, ya Legas? Mu nan sai godiya. Inna na gaishe ka. 'Yar'uwata Nazifa ta zo daga Bakura shekaranjiya ita da mijinta Mas'udu, lafiyarsu lau. Ban samu zuwa Maradun na ga Gwaggo Taibatu ba, amma wanda ya fito can ya ce tsohuwarka na nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda kamar zamanin kakanni. Tun farkon wata anka kashe mana sabis, wayoyinmu sun koma tocila, shagona na gyaran waya kuma sai ƙuda. Masu hali na zuwa Sakkwato su buga waya su dawo. Ni ba ni iya barin gida wuni guda, don ba mai iya ɗaga Baba sai ni. Ɗantani mai tirela zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa in zai juyo.

Jikin Baba na nan yadda ka sani, ɓarin dama bai dawo ba, hannu da ƙafa. Abin da ba ka sani ba shi ne zancen bakinsa. Tun da ciwon ya buge shi cikin azumi, in ka yi masa magana sai dai ya bi ka da ido. Ana nan, bayan Babbar Sallah, na ga motar da ka aiko masa bara ta daɗe tsaye gindin darbejiya, na ce bari in tashe ta kada batir ya mutu. Baba na kan tabarma ƙofar zaure. Injin na kamawa sai na ji an ce, "Kada ka taka ta. Bari ta yi ɗumi." Na waiga, ba kowa sai shi.

Tun daga ran nan, kullum da hantsi nakan ɗauko shi in sa shi kujerar gaba, in ɗan kwantar masa da ita, in tashi inji. Minti biyu, uku, sai baki ya buɗe. Ka san shekara talatin ya yi yana tuƙa tarakta da manyan motocin gas a aikin noman rani na Bakolori. Ina jin ƙarar injin gas ce ke kai shi inda maganarsa ta ɓuya. Yakan tambayi gonar Garbadu, ya yi mini faɗa kan aski, ya kira sunanka. Inna ma ta gane. Sai ta yafa mayafi ta shigo kujerar baya da faifan shinkafa tana tsinta, wai zafi ne ya koro ta daga ɗaki. Mukan yi awa guda, wata rana fiye. Ina kashe inji, kamar an hure fitila.

To ga abin da ya sa na rubuto. Motarka ta fara iskanci. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mai hoton wani abu kamar gwangwani da ɗigo-ɗigo a ciki. In na kashe inji, fanka ta yi ta gudu ita kaɗai kamar mai iskoki, ga wari kamar ana ƙona roba. Na ɗauko littafin motar. Ni da na koya wa kaina karatu da jaridun da ake naɗe tsire, ba takardar da ke ba ni tsoro, amma wannan da Faransanci anka rubuta shi. Hotuna nake kallo kamar ɗan aji ɗaya.

Kai ma dai, ɗan Gwaggo! Kowa na aiko wa tsohonsa mota mai fetur wadda ko mai faci zai iya gyarawa, kai ka tashi ka aiko 'yar mitsitsiya mai shan gas, ba ta da ɗuwawu, ƙofar baya ana ɗaga ta sama kamar murfin akwati. Duk bakaniken da ya duba sai ya ce sai an sa mata kwamfuta, kwamfutar kuma na Sakkwato ko Gusau. Kai ne injiniyan gas. Ka faɗa mini abin yi, kuma da sauri. In motar nan ta mutu Baba ya yi shiru, ni kuma ba ni da wata.

Ɗan Kawunka,
Imrana Mamuda.

*

Legas,
Asabar, 2 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Imrana, sarkin baki,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da miyar da ta sha a hanya. Muna lafiya, Amira na gaida Inna. Ka gaishe mini da Kawu, Allah Ya ƙara masa sauƙi. Na yi murna da jin bakinsa na buɗewa. Irin wannan ciwon dama yakan saki a hankali, ina jin lokaci ne ya yi, ba mota ba.

Yanzu ka ajiye tsiwa ka karanta da kyau. Gas na zaɓa don Kawu mutumin gas ne, na san ba zai girmama mai fetur ba. Amma wannan ba irin gas ɗin da ya sani ba ce. Tarakta tana zubar da baƙin hayaƙinta a sarari, ba ruwanta. Ita wannan an sa mata wata rariya a cikin salansa mai tare kunkunniyar hayaƙin. Hoton gwangwanin da ka gani, ita ce. Rariyar ba ta wankuwa sai da wuta: in mota ta miƙe hanya tana gudu kamar rabin awa ba tsayawa, salansa yakan yi zafi sosai ya ƙone kunkunniyar ta zama toka. Warin da ka ji da gudun fanka, ƙoƙari take ta ƙone da kanta, kai kuma kana kashe ta a tsakiya.

Ka ga ke nan ɗumin da kuke ba ta kullum a tsaye shi ne ciwonta. Awa guda a tsaye, hayaƙi na taruwa, zafi bai isa ba. In aka ci gaba, za ta fara zuba gas cikin baƙin mai. Ka riƙa zaro geji kana dubawa: in mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin gas, injin na gab da lalacewa. Daga nan kwamfutarta za ta ɗaure ta, ka taka totur har ƙasa ta ƙi wuce gudun jaki. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke mayar da hayaƙi cikin inji, ita ma takan toshe da irin wannan zaman.

Kada ka sa mata gas ɗin ganga, kada a haɗa da kananzir yadda su Kawu ke yi wa tarakta lokacin sanyi. Nozul ɗinta, masu fesa gas cikin inji, sun fi idon allura ƙanƙanta, ruwa ɗigo ɗaya ya ishe su. Kuma kada wani bakanike ya ce zai sa rodi ya farfasa rariyar. In an cire ta ba a gyara kwamfuta ba, rikici ne sabo.

Shawarata: ku daina kunna ta a tsaye daga yau. Motar nan ba a yi ta don zaman gida ba. Mas'udu yana bin hanyar Sakkwato kusan kowane mako, ka ba shi ya riƙa fita da ita, shi ya fi dacewa da ita a yanzu.

Naka,
Zaharadeen.

*

Talata Mafara,
Litinin, 11 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Injiniya Zaharadeen,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Inna lafiya. Baba na nan. Gaisuwa ta ƙare, don ban ga ka ɓata tawada a kanta ba kai ma.

Na ƙirga layukan takardarka. Kawunka ya samu uku. Salansa ya samu ashirin. Na ce maka mutumin da ya yi wata uku bai ce ko ruwa ba yana magana, ka ce mini lokaci ne. To lokacin nan me ya hana shi zuwa cikin ɗaki? Me ya sa yake jiran in murɗa makulli? Kana can bakin teku kana ba ni labarin uban da nake wa wanka da hannuna.

Sai kuma wai in ba Mas'udu. Shi ya fi dacewa da ita. Sau shida na karanta layin nan ko zai canza, bai canza ba. In kyautarka kake so ka karɓe, ka fito fili ka ce Imrana, miƙo mini kayana, Kawu ya gama amfani. Ba sai ka lulluɓe ta da zancen rariya ba. Kuma na gane, har yanzu ni ban dace ba. Dama haka anka saba. Kai Baba ya ɗauko daga Maradun kana ɗan shekara tara, kai ya ɗora kan cinya ya riƙa maka sitiyarin tarakta, kai ya kai makarantar koyon sana'a. Ni ɗan cikinsa ko makullin mota na taɓa sai ya daka mini tsawa. A tasha na koyi tuƙi, a ɓoye, kamar ɓarawo. Yau kai ke da kwali da sunan injiniya, ni ke da bahon wanka. Ban yi ƙorafi ba. Amma kada ka zauna nesa ka yanke mini abin da ya rage.

Ka san me ya ce jiya? Inna na baya da faifanta, ya ce, "Safara'u, kin ƙara gishiri a miyar jiya." Ta ce, "Ashe kana ji, Malam, ka yi shiru ka shanye?" Ya ce, "To mi zan yi, ba ni da wata matar." Ta yi dariya har shinkafa ta zube, sannan ta rufe fuska da mayafi ta daɗe ba ta buɗe ba. Wannan kake cewa a daina daga yau.

Don kada ka ce ban ji ba: na zaro geji. Mai ya haura alamar sama da kamar faɗin farce, kuma yana warin gas. Gidajen man garin nan sun kwana biyu ba su da gas, sai wajen mai injin niƙa na samo daga gangarsa. Na tace da ƙyalle. Ka yi ta faɗa, ba ka kusa.

Motar na nan gindin darbejiya. Duk wanda ke so ya zo ya ɗauka, sai ya fara ɗauke ni.

Imrana.

*

Legas,
Asabar, 23 ga Oktoba, 2021.

Ƙanena Imrana,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kyau, ina gaida Kawu, ina gaishe ka da jinya, wadda ya kamata in fara da ita tun wancan karo. Allah Ya ba ka ladan da ba a ƙirgawa.

Ka yi gaskiya a kan layuka ukun. Na ji tsoro ne, sai na gudu wajen abin da na iya. Salansa na san yadda ake gyara shi, Kawu ban sani ba. Amma wallahi ban taɓa nufin karɓe motar ba. Tasa ce, bayansa taka ce. Na ambaci Mas'udu ne don na ga ba ka iya barin gida, ba don hannunka bai isa ba.

Na yi tunani. In ba zai rabu da ita ba, ku fita tare mana. Ka juye baƙin man, ka sa sabo, ka nemi gas na gidan mai, ka bari sai rana ta ɗaga motoci sun yawaita a hanya. Giya ta huɗu, kada ka sassauta, rabin awa. In fitilar ta mutu, ku riƙa yi kowane mako. Kuma ina roƙon ka, ka kai shi Maradun. Tsohuwata ba ta ji muryar yayanta ba tun azumi, ita kuma gwiwa ba ta barin ta hawa mashin.

Wannan na ƙasa ka karanta masa a cikin mota:

Kawu, Zaharadeen ne. Har yau sau biyu nake goge geji kafin in yarda da shi, yadda ka koya mini. Yaran da ke ƙarƙashina suna mini dariya, ina ce musu wani tsoho a Mafara ne zai mare ni in na bari. Ka yafe mini rashin zuwa. Ina tafe in an ba ni hutu.

Kai kuma Imrana, yayanka ne ko ka ƙi,
Zaharadeen.

*

Talata Mafara,
Litinin, 1 ga Nuwamba, 2021.

Zaharadeen,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu dai ga mu nan. Sati uku ke nan ba amsa. Kullum sai na leƙa tasha, an ce ba a ga Ɗantani ba. Ko dai ka yi fushi, ko ka ga ba mu kai a ɓata mana takarda ba. Wannan wani mai lodin albasa zan ba, in ta iso ta iso.

Abin da ka faɗa ya faru, sai ka ji daɗi. Ran Talata na sa Baba a kujera, na murɗa makulli, ta yi tari ta yi tari ta ƙi kamawa. Na yi ta yi har batir ya fara kuka. Baba na zaune yana jira, yana kallon hannuna. Sai da na mayar da shi ɗaki a haka. Kwana huɗu tana kwance. Ishaq bakanike ya kwance filtar gas, ya zuba abin da ke ciki a kwalba ya nuna mini: rabi gas, ƙasan ruwa da laka. Gangar mai niƙa ce. Ya ce tun da an buɗe, in bari ya sa rodi ya huda rariyar kowa ya huta. Na ce in ya taɓa ta sai na huda shi. Ka ga duk da zagin da na yi maka, maganarka nake bi.

Kwana huɗun nan ba zan so wa maƙiyi ba. Ran farko ya ƙi kunu. Ran na biyu ya juya fuska bango. Na goya shi na kai shi wajen injin niƙa, na ce ai shi ma gas ne, shi ma yana ƙara. Mata na kallonmu, gari na tashi. Ya runtse ido kawai, hawaye na bin gefen da ya mutu. Na maido shi ina jin kunyar kaina.

Ran Asabar anka samo sabuwar filta, gidan mai sun samu gas, na juye baƙin mai na sa sabo. Ta kama. Amma ba muryarta ta da ba, tana rawa, tana numfashi kamar mai asma, fitilar na nan. Baba ya daɗe bai ce komai ba, har na fid da rai. Ashe saurare yake. Ya karkata kai wajen inji ya ce, "Ta shaƙe." Na ce, "Baba, ai ɗumi muke ba ta." Ya ce, "Ɗumi ya ishe ta. Hanya taka so. Mi kaka jira?"

Ka ji. Ba kwamfuta, ba Faransanci. Kunne kawai.

Yanzu ni ne na rasa yadda zan yi. Ka san halin da hanya ke ciki, ba sai na rubuta ba. Mutum mai ƙafa biyu in abu ya taso ya ruga daji, shi fa? In ta ɗaure a tsakiyar hanya yadda ka ce, in goya shi zuwa ina? In na bar shi gida na fita da ita, ya ga gurbinta ba komai, na riga na ga abin da hakan ke yi masa. Kullum sai ya maimaita, hanya taka so, ni kuma in ce gobe. Yau ni ke riƙe makulli ina hana wani fita. Ban san haka abin yake da nauyi ba.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Imrana.

*

Talata Mafara,
Asabar, 13 ga Nuwamba, 2021.

Ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da Amira da yara. Har yau ba takardarka, amma yau ba faɗa na zo yi ba. Inna lafiya, Nazifa lafiya, Baba kuwa bari ka ji.

Jiya da safe fitilar ta fara ƙiftawa, na san saura ƙiris ta ɗaure. Na ce wa Inna za mu fita. Ta dube ni ta dube shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko hularsa ta zuwa Juma'a ta sa masa. Na ɗaure shi da bel, na tokare gefen dama da matashi. Munka jira a bakin gari har motocin Sakkwato sunka taru, munka bi bayansu.

Da farko kamar ina jan saniya. Na taka, tana nishi. Sai na ji daga gefena, "Ba ta ukku. Riƙe ta nan. Yanzu huɗu. Kada ka ɗaga ƙafa, yaro, ramin nan gefen hagu aka bi nai." Shekara nawa rabonsa da hanyar nan, amma ya san ramukanta kamar 'ya'yansa, sai dai sun yi jikoki. A shingen jami'an tsaro na damu, don in mun daɗe tsaye aikin ya ɓaci. Baba ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Sannunku da rana, samari." Sunka ce, "A sauka lafiya, Baba."

Mun wuce Lambar Bakura da kaɗan sai wari ya taso, zafi na dukan ƙafata ta ƙasa. Na ce shi ke nan, mun ƙone. Baba ya ce, "Ci gaba, tana kaki na." Can sai na ji motar ta saki, kamar wanda anka cire wa ƙaya a maƙogwaro. Na duba gabana, ba fitila. Na yi ihu. Baba ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce, "Ashe ka iya tuƙi. Wa ya koya maka?" Na ce, "Ba kai ba dai." Na so in haɗiye maganar, ta riga ta fita. Ka san bakina.

Na samu wuri na juya mota. Sannan ya ce, "Na ga abin da hanya ka yi wa mutane, na kwashe su da hannuna. Zaharadeen ɗan ƙanwata na, ina son shi, amma in ya yi nisa ina iya haƙuri. Kai ba ni iyawa." Hanya ta yi mini hazo, sai da na goge ido da hannun riga, shi kuma yana cewa in kula da rami.

Munka shiga Bakura. Na tsaya ƙofar gidan Nazifa ban kashe inji ba, na yi ta danna ham. Ta fito da ludayi a hannu za ta zage ni. Baba ya ce, "Ɗiyata, haka aka tarbon baƙi?" Ludayin ya faɗi. Ta durƙusa a ƙasa jikin ƙofar motar ta riƙe hannunsa, tun azumi ba ta ji ya kira ta ba. Mas'udu ya kawo fura, Baba ya sha rabin kofi da kansa. Minti goma na ba su, na ce injiniya ya hana tsayuwa.

A hanyar dawowa ya ce Juma'a mai zuwa sai Maradun, yana da magana da Taibatu. Na ce an gama. Ka ga motarka ta yi rana. Zagin da na yi mata na janye rabi.

Naka,
Imrana.

*

Talata Mafara,
Juma'a, 3 ga Disamba, 2021.

Yaya Zaharadeen,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba mu haƙurin rashinsa, mu da kai.

Sabis ya dawo, na ga kiranka ya fi ashirin. Kada ka ce fushi ne. In na ɗauka ban san abin da zai fito daga bakina ba, takarda kuwa tana jira in gama kuka. Inna ta ce kun yi magana, kana tafe ƙarshen wata.

Mas'udu ya faɗa maka ranar, bai faɗa maka yadda ta kasance ba. Laraba ce, saura kwana biyu mu je Maradun. Na yi masa wanka, ya sha kunu, na fita na goge kujera na dawo in ɗauke shi. Tsakanin fitata da dawowata ne. Nazifa ta ce iskar hanya ce ta buge shi, ta faɗa a gaban mutane, daga baya ta ba ni haƙuri. Ban sani ba, Yaya. Na juya abin ta kowane gefe. In da za a maido ni ranar, ina jin zan sake fita da shi, kuma wannan ma yana ci na.

Takardarka ta ashirin da uku ga Oktoba ta iso ran Lahadin nan. Motar Ɗantani ce ta lalace a Mokwa, ya yi sati uku yana jiran kayan gyara, takardar na cikin aljihun mota ya manta da ita. Ya kawo ta da ta'aziyya tare. Ban zage shi ba, ka ji abin mamaki. Na dai zauna na lissafa: da ta zo kan lokaci, Juma'a biyu za mu samu. Da an je Maradun.

Na karanta inda ka ce ba ka nufin karɓe ta. Ka yafe mini. Na ɗora maka abin da ya daɗe a cikina, ba kai ka sa shi ba.

Gwaggo ta zo zaman makoki, a bayan mashin, da gwiwar tata. Shekaranjiya na mayar da ita gida. Na buɗe mata gaba, ta ga yadda kujerar take a kwance da matashin a gefe, ta rufe ta shiga baya. Mun fita gari ta ce, "Imrana, mi yaka cewa in kun zauna?" Na faɗa mata na gishiri, na faɗa mata na ramuka. Ta ce, "Ni fa, wace magana ce yaka da ita da ni?" Na ce bai faɗa ba, Gwaggo, ya ce sai ya gan ki.

Saƙonka na ƙasa, wanda ka ce a karanta masa a cikin mota, na haddace shi. A hanyar dawowa, ni kaɗai, na faɗe shi da ƙarfi, tana giya ta huɗu. Ban tsaya ba, ka ce tsayuwa ke kashe ta.

Fitilar ba ta sake kamawa ba. Mai na daidai alama, na goge geji sau biyu. Tana tashi bugu ɗaya, lafiyarta lau, kamar ba ta san abin da ya faru ba. Kullum da hantsi sai in tsinci kaina gindin darbejiya da makulli a hannu, Inna kuma na jin motsina sai ta ɗauki faifai, sannan ta tuna ta ajiye. Ba za mu iya ba. In ka zo ka tafi da ita, ko ka ba Mas'udu, ka yi gaskiya tun farko, mai bin hanya ta dace da shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kujerar gaba na nan yadda yake son ta. Duk wanda zai ɗauki motar, ya bari sai ya fita daga Mafara kafin ya ɗaga kujerar.

Ƙanenka,
Imrana.